Sunayen Mutanenmu Amana Ne: Darasi Daga Yahoo, Facebook Da Ƙasar Japan

(Jawabin da na gabatar a zaman kodinetocin mazaɓu da 'yan soshiyal midiya na ɓangarenmu daga Dambatta, Makoɗa da Bichi. 'Yan uwa sun nemi in rubuta shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu dattawan jam'iyya, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena kodinetoci, da ku dakarunmu na Facebook da WhatsApp, ina yi muku sannu da zuwa. Na san da yawanku aikin gona kuka bari kuka taho, Allah Ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan tsaron bayanai. Na san wani zai ce a ransa, mu da muke fama da tsadar taki da kuɗin man ban-ruwa, ina ruwanmu da wani kutse a Amurka ko Japan? To ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga maganar a aljihun kowannenmu take.

Kowane kodineta da ke zaune a nan, in aka buɗe wayarsa za a tarar da jerin sunaye. Na rabon taki, na tallafin mata, na matasan da za a koya wa sana'a, na ejan-ejan, na rajistar 'yan jam'iyya. Kuma ba suna kaɗai muke karɓa ba. Muna karɓar lambar waya, lambar NIN, lambar katin zaɓe, lambar asusun banki, wani lokaci har BVN da hoto. Tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta miƙo takardar katin ɗan ƙasa, ba ta tambaya ina za a kai, saboda ta san ɗan wane ne kai, ta san gonarku, ta san kakanka. Sai mu ɗauki hoton takardar mu jefa a guruf mai mutum ɗari biyu ko uku, wanda rabinsu ba mu taɓa haɗa ido da su ba. A kan wannan nake so mu tsaya yau.

Bari mu fara da manya. Kamfanin Yahoo, wanda da yawanmu da shi muka buɗe imel na farko, an yi masa kutse a 2013, aka sake yi a 2014. Bai gaya wa duniya ba sai a 2016. A watan Satumba na shekarar ya ce asusu miliyan 500 abin ya shafa. A Disamba ya ce akwai wani kutsen na asusu biliyan 1. Sai a Oktoban 2017 aka bayyana cewa wancan na 2013 ya shafi dukkan asusun da kamfanin ke da su, biliyan 3. An kwashi sunaye, lambobin waya, ranakun haihuwa da tambayoyin sirri. Ɓoyewar ta ja masa asara: kamfanin Verizon da ke cinikin sayensa ya zaftare dala miliyan 350 daga farashi, hukumar kula da hannayen jari ta Amurka kuma ta ci tararsa dala miliyan 35. Shekara biyu, shekara uku, mutane suna amfani da makullin da ɓarawo ya riga ya yanka irinsa, ba su sani ba.

Sai Facebook, inda muke wannan gwagwarmaya kullum. A watan Afrilun 2021 aka watsa bayanan mutum miliyan 533 daga ƙasashe 106 kyauta a intanet, a cikinsu akwai 'yan Najeriya kusan miliyan 9. Lambar waya, cikakken suna, garin da mutum yake. Ba fasa katanga aka yi ba. Akwai wata kafa da kamfanin ya yi domin ka nemo abokanka da lambar wayarsu, sai masu wayo suka riƙa zuba mata miliyoyin lambobi tana fito musu da masu su. Hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci tarar kamfanin Yuro miliyan 265 a 2022. Amma lambar da ta fita ta fita. Kana iya canza lambar sirri a minti ɗaya, ranar haihuwarka da NIN ɗinka kuwa da su za a binne ka.

Mu 'yan siyasa akwai wanda ya fi shafarmu. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu Facebook da suka kai miliyan 87 ba da saninsu ba, domin aikin zaɓe. A shekarar ce jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani attajiri ya ɗauki hayar wannan kamfani a zaɓen Najeriya na 2015, har aka yaɗa wani bidiyo na tsoratar da masu zaɓe. Wato tun shekaru goma da suka wuce, waɗanda suka san kan abin sun gane cewa jerin sunayen masu zaɓe makami ne.

A gida ma ba a tsira ba. Tun Disambar 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka wajabta haɗa layin waya da NIN. BVN kuma tun 2014 yake. Yanzu layinka, asusunka da katinka duk igiya ɗaya ta ɗaure su, wanda ya kama bakin igiyar ya ja, sauran za su biyo. A 2024 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative suka fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, wani a Naira 100. Don su nuna da gaske ne, har na ministan sadarwa Bosun Tijani suka saya. A Yulin 2025 kuma EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai matasa da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN a Naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar da su kusan 5,000, a buɗe asusu da su a yi damfara.

A nan nake so in amsa wa mai cewa, talaka me yake da shi da za a sata? Ɓarawon bayanai ba lallai kuɗinka yake nema ba, sunanka yake nema. Zai buɗe asusu da sunanka a karɓi kuɗin damfara ko kuɗin fansa a ciki. Zai ci bashin manhajar waya da sunanka. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ba ƙofarsa za su ƙwanƙwasa ba, ƙofar manomin da ke Makoɗa za su zo, wanda bai taɓa riƙe Naira dubu ɗari biyar tasa ta kansa ba. Sannan akwai mai kuɗin ma. Da kaka, mutum ya kai wake ko riɗi Dawanau, ko ya sayar da sa a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, kuɗin shekara guda suna cikin asusu. A daren sai waya ta shigo: "Alhaji, daga ofishin tallafi ne, sunanka ya fito a rabon taki." Ya faɗi sunanka cikakke, ya faɗi mazaɓarka, ya faɗi sunan kodinetanka. Ta yaya ba za ka yarda ba? Sai ya ce lamba shida za ta shigo wayarka, karanto min. A wata mazaɓa ta yankin nan na zauna da wani dattijo da aka yi wa haka, kuɗin amfanin gonarsa kaf. Abin da ya fi ci masa rai, ya ce, mai kiran ya san abin da shi bai gaya wa kowa ba sai masu rubuta suna. Jama'a, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To me ya kawo Japan cikin zancen? Mun san su da Toyota da Honda, mun san ingancin injin ban-ruwansu. Kada wani ya ɗauka can ba a yi musu kutse. Ana yi, kuma suna da nasu abin dariya. A 2018 ministan da aka damƙa wa tsaron intanet, Yoshitaka Sakurada, ya gaya wa majalisa cewa shi bai taɓa amfani da kwamfuta ba. Ofisoshin gwamnatinsu sun daɗe suna aiki da tsohon faifan kwamfuta da duniya ta manta da shi, sai a 2024 minista Taro Kono ya sanar da cewa an kawar da dokokin da ke tilasta amfani da shi. Ke nan ba mala'iku ba ne. Abin koyi a wurinsu shi ne ɗabi'ar aiki, da abin da suke yi bayan an yi ɓarna.

Ku ji labarin birnin Amagasaki. A watan Yunin 2022 hukumar birnin tana rabon tallafin korona, irin dai aikin da muke yi. Wani ma'aikacin ɗan kwangila ya kwafi bayanan mutanen birnin gaba ɗaya, kusan 460,000, a 'yar filash: suna, adireshi, ranar haihuwa, har da lambobin asusun masu karɓar tallafi. Da ya gama aiki bai goge ba. Ya jefa a jaka, ya tafi mashaya, ya bugu, barci ya kwashe shi a bakin titi. Da ya farka babu jaka. Cikin kwana biyu hukumar birnin ta kira 'yan jarida, jami'ai suka tsaya suka sunkuyar da kai suka nemi gafarar jama'a, aka buɗe layin da mutane za su kira. 'Yan sanda suka bazama, kashegari aka ga jakar. Abin da ya rufa musu asiri shi ne bayanan a kulle suke da lambar sirri. Ku kwatanta: Yahoo ya yi shiru shekaru, waɗannan kwana biyu. Sannan ku tambayi kanku, wayar kodineta nawa ce ta faɗi a kasuwa ko aka zare a taron siyasa, da hotunan katunan mutane a ciki, ba ko makulli, kuma ba wanda ya ji labari?

Na biyu, kamfanin Benesse mai harkar karatun yara. A 2014 aka gano an fitar da bayanan yara da iyayensu da suka kai kusan miliyan 35. Ba wani ɗan kutse daga wata ƙasa ba ne. Injiniya ne na cikin gida, ɗan kwangila, ya riƙa kwafa a wayarsa yana sayar wa dillalan sunaye. An kama shi an ɗaure shi, kamfanin kuma ya bi waɗanda abin ya shafa da takardar ban haƙuri da kyautar Yen 500 kowanne. Kuɗin kaɗan ne, amma sun amsa cewa an ci amana. Darasinmu a nan mai ɗaci ne. Mun san siyasar Kano. Wanda kuke guruf ɗaya da shi yau, gobe da safe ya canza hula. In ya tafi, ba shi kaɗai yake tafiya ba, da jerin sunayen mazaɓa yake tafiya, da lambar kowane ejan, da sanin wa ya samu taki wa bai samu ba. Da wannan takarda za a bi mutanenmu gida-gida, wani a saye shi, wani a tsorata shi, wani a ce masa ga shi an rubuta sunanka an cinye rabonka.

Na uku, Toyota kanta. Ranar 1 ga Maris 2022 kamfanin ya dakatar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 da ke Japan na yini guda. Ba shi aka kutsa wa ba. Wani ƙaramin kamfani mai kawo masa kayan roba, Kojima, shi aka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu nan yankin gona jikin gona take, ba daji a tsakani, kowa ya san in maƙwabci bai yi feshi ba tsutsa ba ta tambayar iyaka. Jagoranmu yana iya samun ƙwararru masu tsare masa waya, amma in aka ƙwace WhatsApp na sakataren mazaɓa ɗaya, an shigo gidanmu. Da sunansa za a tura saƙon neman kuɗi, da sunansa za a saki sanarwar ƙarya ana gobe zaɓe, a ce an janye ko an canza akwati.

Yanzu ga ɗabi'u biyu na Japan da ba sa buƙatar ko sisi. Duk wanda ya ga direban jirgin ƙasa a can zai ga yana nuna alama da yatsa yana faɗa da ƙarfi, ko da shi kaɗai ne: fitila kore ce, ƙofa ta rufu. Baƙo zai ɗauka taɓin hankali ne. Wani gwaji da cibiyar binciken jiragen ƙasa ta ƙasar ta yi a 1994 ya nuna wannan ɗabi'a tana rage kuskure da kusan kashi 85 cikin 100, domin ido da hannu da baki da kunne duk sun shaida. Ta biyu, a masana'antar Toyota akwai igiya da ke bin layin haɗa mota. Ƙaramin lebura in ya ga matsala yana da ikon ya ja ta, shugaban sashe ya taho da gudu, in ba a gyara ba layin ya tsaya. Ba a zaginsa don ya ja. Sun gane cewa kuskuren da aka ɓoye da safe, da yamma ya haihu.

Mu a wurinmu yaro in aka ƙwace masa WhatsApp kunya yake ji, ya yi shiru, ya sayi sabon layi. Kafin a farga an damfari mutum goma da sunansa. Wannan kunyar ita ce jarin ɓarawo.

Don haka ga abin da nake roƙon wannan zama ya amince da shi.

Na ɗaya, mu daina karɓar abin da ba mu buƙata. Rabon taki suna da mazaɓa da lambar waya sun isa. Inda tsarin rajista ya wajabta NIN, a shigar da ita inda aka ce, kada a bar kwafi a waya. BVN kuwa, da lambar katin ATM, da lambar sirri, babu kodinetan da ke da hujjar tambaya. A sanar da wannan a masallatai da gidajen biki da majalisu, da bakin da tsohuwa za ta gane.

Na biyu, daga yau haramun ne a jefa hoton katin wani ko jerin sunaye mai lambobi a guruf. Kowace mazaɓa ta ware mutum biyu amintattu, namiji da mace, su ne masu riƙe jerin. Wanda ya karɓa ya sa hannu a littafi, da rana da dalili. In aiki ya ƙare a goge na waya a gaban shaida. Rumbu ma ba kowa ake ba damar ya leƙa ba, ko a cikin gida ɗaya.

Na uku, kafin mu tashi daga nan kowa ya fito da wayarsa mu yi abu uku tare: makulli a fuskar waya, lambar sirri a kan layin kansa, da tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook. Na layin yana da muhimmanci, domin ɓarawon waya ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake cirewa ya sa a wata, da shi yake neman hanyar asusunka. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko shekarar zaɓe. Kowa kuma ya nemi lambar da bankinsa ya tanada ta rufe asusu, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida. Matasa ku taimaki iyayenmu, amma ku juya baya lokacin da suke danna lambar.

Na huɗu, mu ari nuni da yatsa. Kafin ka tura kuɗi ko takarda, ɗora yatsa a kan sunan, karanta shi a fili. Haka a wurin mai POS, karanta adadin da bakinka kafin ka sa lamba, ka rufe da hannu. In saƙo ya zo da sunan jagora ko ciyaman ana neman kuɗi ko lamba, kira shi ka ji muryarsa. In bai ɗauka ba, jira. Duk saƙon da ke cewa yanzu-yanzu, to a nan ne ya kamata ka tsaya.

Na biyar, mu rataya tamu igiyar. Wanda wayarsa ta ɓata ko aka ƙwace asusunsa, ya sanar cikin awa guda ta wayar wani. Admin ya cire lambar daga duk guruf nan take, a yi shela. Ba gori, ba dariya. Wanda za mu tuhuma shi ne wanda ya ɓoye. Haka in mutum ya bar tafiya, a rabu lafiya, amma a ranar a cire shi daga guruf, a canza lambobin sirrin shafukanmu.

Iyayena shugabanni, da girmamawa, kaso mafi nauyi naku ne. Sau da yawa daga sama ake bugo waya da daddare a ce ana son suna hamsin-hamsin daga kowace mazaɓa kafin asuba, da NIN da lambar asusu. Gaggawar nan ita ke sa yara su watsa katunan mutane a guruf. A ba mu lokaci, a ba mu hanya ɗaya sananniya ta miƙa sunaye, a kuma gaya mana wa zai riƙe su a can. Sannan a sani yanzu akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan 'yan Najeriya, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce wanda ke riƙe da bayanan mutane, in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, ya sanar da hukuma cikin awa 72, kuma ta tanadi tara ta miliyoyin Naira. Ko Meta, mai Facebook da WhatsApp, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci tararsa dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. In an iya taka wannan, ba mu ne za mu ce doka ba ta san da mu ba.

Ina kuma kira ga wakilanmu a majalisa da ƙananan hukumomi, duk shirin tallafin da za a kawo yankin nan, a tambayi ɗan kwangilar da ke tattara sunaye: ina za ka ajiye, wa zai gani, yaushe za ka goge? A Amagasaki ɗan kwangila ne, a Benesse ɗan kwangila ne. Gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan uwa, mu ba mu da kuɗin da wasu ke da shi. Abin da muke taƙama da shi shi ne mutanen karkara sun yarda da mu. Matar da ta ba ka katinta, in aka ci bashi da sunanta, ba za ta ce Facebook ba, ba za ta ce NIMC ba. Sunanka za ta kira, da sunan jagoranmu, kuma ranar zaɓe ita da 'ya'yanta da kishiyoyinta za su tuna. Kafin ranar zaɓe ma, akwai ranar da za a tambayi kowa amanar da aka ba shi.

Ina roƙon kowane kodineta ya kai wannan saƙo mazaɓarsa cikin makon nan, a zama na gaba kuma kowa ya zo da sunayen mutum biyun da aka ware. Masu karantawa a shafi, ku tura wa na kusa da ku, ku karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Allah Ya tsare mu da mutanenmu daga sharrin azzalumai, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba jihar Kano da Najeriya zaman lafiya, Ya ba tafiyarmu nasara. Yanzu kowa ya fito da wayarsa, mu fara da makullin layi.